Taswirar gidan yanarmu na manoma: yadda aikin ke tafiya

11 ga Janairu, 2025

Yau muka tsayar da shawara: kafin ruwan farko ya sauka, sai gidan yanarmu ya samu taswira iri biyu, ɗaya ta injinan bincike irin su Google, ɗaya ta mutane. Ni zan riƙe aikin, ƙanena zai riƙa kama min da yamma in ya taso daga makaranta, Malam kuma shi ke da ta cewa a duk abin da ya shafi noma, tunda yawancin rubutun nasa ne.

Ga wanda bai san mu ba, gida ne na rubutun Hausa kan noma da kiwo, muna tafiyar da shi daga Tudun Wada a nan Kaduna. Malam tsohon malamin gona ne, ya ci ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyukan Soba da Ikara da Lere kafin ya yi ritaya. Rubutun ya taru tun kafin 2016, shekarar da tsutsar da ake kira sharon ta cinye tumatir har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ya ratso zuwan tsutsar masara da cutar da ta lalata citta a Kachia da Kagarko da Jaba a 2023. Yanzu ya haura dubu.

Damuwarmu ita ce shafin farko sababbin rubutu kaɗai yake nunawa. Duk abin da ya kwana biyu sai ya nutse. A makon jiya wani manomi daga Saminaka ya bugo wa Malam waya yana tambayar yadda ake ajiye wake ba tare da an zuba masa magani ba. Malam ya san ya yi rubutu a kan buhun PICS mai ruɓi uku, har da hotuna. Muka nema a Google da Hausa, babu. Muka nema a cikin gidan namu, sai da muka sha wahala kafin ya fito. Wannan abu ya tsaya min a rai. Rubutun Hausa kan noma ba yawa gare shi a intanet ba, ɗan wanda ke akwai kuma a ce ya yi ɓatan dabo a hannun masu shi.

Taswirar injinan bincike fayil ne na XML mai ɗauke da jerin adireshin shafukan da kake so a sani. Google ce ta fito da tsarin a watan Yunin 2005, a Nuwamban 2006 kuma Yahoo da Microsoft suka amince a yi tafiya ɗaya, aka ajiye ƙa'idojin a sitemaps.org. Google da kanta ta ce gidan da bai wuce shafi 500 ba, kuma kowane shafi nasa ana iya kai masa ta hanyar latsawa daga wani, ba lallai ya buƙaci taswira ba. Namu ya wuce adadin, sharaɗi na biyun kuwa ko kusa bai cika ba.

18 ga Janairu

Kafin a zana komai sai an san abin da ke akwai, don haka makon nan ƙidaya muka yi. Na fitar da jerin dukkan rubutun daga ma'ajiyar bayanan gidan. Ƙanena kuma ya saki wata manhaja mai kwaikwayon yadda Googlebot, manhajar da Google ke aikawa ta karanta shafuka, ke yi: ta faro daga shafin farko, ta bi duk wata mahaɗa da ta gani, ta rubuta inda ta je. Sai muka jera takardun biyu muka gwada.

Tazarar ta ba ni tsoro. Akwai rubutu masu yawa da manhajar ba ta taɓa kaiwa gare su ba, domin babu wani shafi a gidan da ke nuna su. Marayu ke nan. A cikinsu akwai wanda Malam ya yi kan wuta-wuta a gonar dawa, da na yadda ake gane takin zamani na jabu, da wani dogo kan irin masarar SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa. Da alama sun maraice ne lokacin da aka sauya fasalin gidan shekarun baya, aka cire tsoffin rukunai ba a mayar da rubutun cikinsu ko'ina ba.

Sai wani abin kuma. Da WordPress, manhajar gina gidan yana, aka gina gidan, shi kuwa tun fitowa ta 5.5 a watan Agustan 2020 yana haɗa taswira da kansa a adireshin wp-sitemap.xml. Amma wanda ya fara gina mana gidan ya bar wani tsohon fayil, sitemap.xml, da aka yi shi sau ɗaya ba a sake taɓa shi ba, kuma shi fayil ɗin robots.txt, wanda ke ɗauke da umarnin gida ga injinan bincike, ke nuna musu. Duk adireshin cikinsa da http suka fara, alhali gidan ya daɗe da komawa https. Wasu ma shafukan an goge su tuntuni. Wato shekara da shekaru muna miƙa wa Google jerin da rabinsa ya mutu.

Ita kuma taswirar da WordPress ke yi da kanta ba ta zaɓe: ta kwashi shafukan alamomi, wanda wasu rubutu ɗaya tak ke ƙarƙashinsu, da shafukan marubutan da suka daina rubutu. Dole mu zauna mu tace.

25 ga Janairu

Haruffa masu lanƙwasa sun ci mana mako. Adireshin intanet ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, sai an juya su lambobi: ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ ta zama %C9%93. A allon waya ba ka ganin haka, amma da zarar an kwafi adireshin an tura a WhatsApp sai ya fito dogo, cike da alamomin da ke sa mutum ya yi zaton damfara ce. Saboda haka ne ma wani daga cikin masu saka mana rubutu a da yake sake wallafa wasu da adireshi marar lanƙwasa. Sakamakon: rubutu ɗaya kan ƙwarin wake yana zaune a adireshi biyu, Google kuma sai ta zaɓi ɗaya da kanta.

Mun yanke cewa adireshi zai kasance da haruffa marasa lanƙwasa, amma take da jikin rubutu za su ci gaba da ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta tanada. A kan wannan ba na sassauci. Duk inda aka samu tagwaye, mun bar ɗaya, ɗayan mun sa masa umarnin 301, wanda ke gaya wa waya da injin bincike cewa an koma can dindindin. Wanda ya tsira shi kaɗai zai shiga taswira. Fayil ɗin kansa dole ya zama da tsarin UTF-8, alamar & kuma sai an rubuta ta & in ba haka ba duk fayil ɗin ya ƙi karantuwa.

1 ga Fabrairu

An yi muhawara biyu yau, duka masu amfani.

Ta farko da ƙanena. A cikin taswira, bayan adireshi, ana iya ƙara abu uku ga kowane shafi: ranar da aka gyara shi, yawan yadda yake sauyawa, da muhimmancinsa daga 0.0 zuwa 1.0. Ya ce, "Yaya, mu ba kowane shafi 1.0 mana, mu ce kullum yana sauyawa, ka ga sai su riƙa zuwa kullum." Na buɗe masa bayanin Google ya karanta da idonsa: ba ta kallon priority, wato lambar muhimmanci, ba ta kallon changefreq, wato yawan sauyawa. Abin da take amfani da shi shi ne lastmod, ranar gyara, shi ma sai in ta ga yana faɗin gaskiya a kai a kai. Ko a ainihin ƙa'idar ma, lambar muhimmanci tsakanin shafukan gidanka ne kawai take aiki, ba ta ɗaga ka sama da gidan wani ba. In ka ba kowa 1.0 ba ka ce komai ba.

Saboda haka muka zubar da waɗannan biyun, muka mai da hankali kan ranar gyara. Tsarinmu: ranar ba za ta motsa ba don an gyara waƙafi ko an sauya launin shafi. Za ta motsa ne in Malam ya sauya shawara, ko ya ƙara bayani, ko an sa sabon hoto mai ma'ana. Wannan ya fi ƙarfin batun Google ma. Shawarar maganin feshi da aka rubuta shekara takwas da suka wuce, in aka manna mata kwanan watan yau, an yaudari manomi. Don haka ranar da ke cikin taswira ita ce za ta bayyana a saman rubutun, kowa ya gani.

Muhawara ta biyu da Malam ce, kan shafukan farashin hatsi. Kowane mako ana buɗe sabon shafi na farashin masara da dawa da waken soya daga kasuwannin da muke da masu aiko mana. Sun taru jibgi, kowanne layi kaɗan ne. Na ce a cire su daga idon injinan bincike, domin mutum zai nemi farashin masara ya faɗa kan na shekara biyar baya ya ɗauka na yau ne. Malam ya ce, "A'a ɗana, wannan ai tarihi ne. Mai son ya san lokacin da hatsi ke tashi da lokacin da yake faɗuwa, a nan zai gani." Na ce, "Gaskiyarka Malam, ba gogewa za mu yi ba."

Inda muka tsaya: kowace kasuwa za ta samu shafi ɗaya tsayayye da ake sabuntawa, shi zai shiga taswira. Tsofaffin za a tattara su shekara-shekara a tebur guda, shi ma ya shiga. Ƙananan na mako-mako za su zauna ga mai son su, amma da alamar noindex, mai gaya wa injin bincike kada ya sa shafin a sakamakonsa. Nan akwai abin lura ga masu irin aikin nan. Cire shafi daga taswira ba ya fitar da shi daga Google, sai an sa masa noindex. Kuma kada a toshe shi a robots.txt, domin in Googlebot bai shiga ba, ba zai ga alamar ba balle ya bi ta.

8 ga Fabrairu

An miƙa. Fayil ɗaya yana iya ɗaukar adireshi 50,000 ko nauyin megabayit 50, mu ko kusa ba mu kai ba, amma duk da haka mun raba namu kashi-kashi: hatsi, kayan lambu da noman rani, kiwo, ajiya da kasuwa. Ƙanena ne ya rubuta 'yar manhajar da ke rabawa, da babban fayil guda da ke jera sauran. Dalilin rabawar shi ne Search Console, shafin da Google ke nuna wa mai gida yadda take ganin gidansa, zai nuna mana kowane kashi daban, mu gane inda ciwon yake.

Mun goge tsohon fayil, mun gyara layin da ke nuna taswira a robots.txt, hanyar da manyan injinan bincike suka amince da ita tun 2007. Sannan muka saka adireshin a Google Search Console da Bing Webmaster Tools. Wasu tsoffin darussa na cewa a riƙa aika wa Google ɗan saƙon sanarwa duk lokacin da taswira ta sauya. Google ta sanar da rufe wannan ƙofa a watan Yunin 2023, kada kowa ya ɓata lokacinsa. Bing da Yandex suna da tasu hanyar sanarwar, IndexNow, tun 2021, mun kunna ta tunda ba ta cin komai.

Search Console ya nuna an karanta fayilolin lafiya. Yanzu sai jira.

19 ga Fabrairu

Wannan ne sashen da ya fi min daɗi, kuma shi ya fi wuya: taswirar mutane. Shafi ne guda da mai ziyara zai buɗe ya ga duk abin da ke gidan a jere, ya latsa abin da yake so.

Na rubuta kan kowane babban batu a 'yan gutattakin kwali, muka baje su a kan tabarma a zauren Malam bayan la'asar. Tsarin da na zo da shi irin na littafin makaranta ne: ƙasa, iri, taki, cututtuka, ƙwari, girbi. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki kwalin da na rubuta "cututtukan tsirrai" ya ce, "Ɗana, a duk shekarun da na yi a ƙauye ba wanda ya taɓa zuwa ya ce min yana da cutar tsirrai. Cewa yake, Malam, masarata ta yi ɗorawa. Ko, Malam, wani abu na cin zuciyar masarata." Ya ajiye kwalin gefe, ya fara jera sunayen amfanin gona: masara, dawa, gero, shinkafa, wake, waken soya, gyaɗa, citta, tumatir, attarugu, albasa. A ƙarƙashin kowanne kuma ya jera aikin yadda shekara ke tafiya: sharar gona, shuka, firi, zuba taki, maimai, feshi, girbi, sussuka ko casa, ajiya. Ya ce manomi da abin da ya shuka yake tunani, sannan da watan da yake ciki.

Na ga gaskiyarsa nan take. Amma na roƙi a ƙara ƙofa ta biyu a saman shafin, mai taken "Me ka gani a gonarka?", inda za a jera alamu da bakin manoma: ganye ya yi ɗorawa, ganye ya naɗe, fure na zubewa, tsutsa a cikin zangarniya, ƙwari a rumbu. Wanda bai san sunan cutar ba, ya san abin da idonsa ya gani. Malam ya yarda, ya ma ƙara wasu da ban taɓa ji ba.

Kiwo kuwa Hajiya, maiɗakin Malam, ce ta gyara mana. Tana kiwon kaji da awaki a cikin gida, kuma mata da yawa a unguwar wurinta suke zuwa tambaya. Ta leƙo ta ga mun cusa kiwo a can ƙasa bayan duk hatsi, ta ce, "Malam, matan da ke karanta abin nan a waya, gona suke nema ko kaza?" Aka yi shiru. Kiwo ya hau sama, kusa da masara, aka raba shi: kajin gida, kajin gidan gona, awaki da tumaki, turkar ragon layya.

Shi wannan shafi ban yarda a yi masa ado ba. Babu hoto, babu abin da ke motsi, rubutu ne zalla da mahaɗai. Yawancin masu zuwa mana da ƙananan wayoyin Android suke zuwa, data ta yi tsada, a ƙauyuka da yawa kuma sabis rarrafe yake. Shafin da zai buɗe cikin ƙiftawar ido a Kubau ya fi min wanda zai burge mutum a Unguwan Rimi. Kuma ba mu zuba rubutu dubu a shafi ɗaya ba. Taswirar tana kai ka shafin masara, shafin masara ya jera duk abin da ke ƙarƙashinsa. Latsawa uku ta kai mutum ko'ina.

Ita ma Google wannan shafin zai yi mata amfani, watakila ma fiye da fayil ɗin XML. Fayil ɗin kamar littafin da mai shago ke rubuta kayansa ne, yana nuna cewa abu na nan. Taswirar mutane ita ce jera kayan a kan kanta, inda za a ga me ke kusa da me, me aka sa a gaba. Injin bincike yana gane matsayin shafi ne daga shafukan da ke nuna shi da kalmomin da aka nuna shi da su.

26 ga Fabrairu

Gwaji. Na je Kawo wurin wani dillalin hatsi da muka saba, na miƙa masa wayata na ce, "Alhaji, don Allah nemo min yadda ake hana masara yin ƙwari a buhu." Ban ce masa komai ba bayan haka. Ya gangara, ya ga masara, ya latsa, ya ga ajiya, ya isa. Amma da na ce ya nemo farashi sai ya yi ta dubawa a ƙarƙashin masara, alhali mun sa shi a ƙarƙashin kasuwa. Mun sa shi a wuri biyu yanzu.

Sai wani ɗalibi makaho da ke zuwa karatu masallacin unguwarmu, yana amfani da TalkBack, manhajar Android da ke karanta abin da ke allo da murya. Ya ce jerin zaɓin da ke saman gidanmu, mai buɗewa yana rufewa, ya daɗe yana ba shi wahala, taswirar kuwa ya bi ta tsaf, yana tsallakawa daga kan magana zuwa kan magana. Ya nuna min wurare da muka rubuta "latsa nan" kawai, ya ce in manhajar ta jero masa mahaɗai, "latsa nan" ba ta gaya masa inda za ta kai shi. Mun sauya su duka, kowace mahaɗa ta ɗauki sunan abin da ke bayanta. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman, tun fitowar 2008, sun nemi a samar da hanya fiye da ɗaya ta isa ga shafi, kuma taswira na cikin hanyoyin da suka ambata.

12 ga Maris

Azumi ya sa aikin ya koma bayan tarawihi. Na buɗe Search Console na daɗe ina dubawa.

Labari mai daɗi: da yawa daga cikin marayun nan sun shiga kundin Google, wato ma'ajiyar da take fitar da sakamakon bincike daga ciki. Rubutun buhun PICS yana fitowa in an nemi yadda ake ajiye wake da Hausa. Na wuta-wuta ma haka. Na tura wa Malam hoton allon, ya bugo yana ta hamdala.

Amma ba duka ba. Akwai rukunin da aka rubuta cewa an gano su amma ba a kai ga ziyartarsu ba tukuna. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, Googlebot ba ya kwashe gida a rana ɗaya, kuma yana rage gudu in ya ga sabar, kwamfutar da ke ɗauke da gidan, na nishi, tamu kuwa mai araha ce. Rukunin da ya sa ni tunani shi ne waɗanda aka ziyarta, aka karanta, aka ƙi shigarwa. Rabon da muka yi wa fayilolin ya nuna cewa yawancinsu a kashin kayan lambu suke. Da na buɗe su ɗaya bayan ɗaya sai na gane dalili: sakin layi ɗaya ko biyu ne, wasu kusan maimaicin juna, kamar guda huɗu da ke magana kan renon tumatir kowanne da ɗan abin da ya faɗa.

Taswira gayyata ce kawai, Google ta faɗa ƙarara cewa saka adireshi a ciki ba alkawarin shiga kundi ba ne, balle hawa sama a sakamakon bincike. Duk mai sayar maka da aikin taswira yana cewa za ta kai ka layin farko, ka riƙe kuɗinka. Abin da ta yi mana shi ne ta kawo mai dubawa har ƙofa, ta kuma nuna mana inda rubutunmu bai ƙoshi ba. Malam ya ɗauki na tumatir ɗin zai haɗe su wuri ɗaya, tun daga zuba iri a bedi har dashe, ya ƙara abin da ya sani kan sharon. Sauran adireshin za su bi shi da 301.

24 ga Maris

Muna da wasu rubutu kaɗan da aka fassara zuwa Turanci saboda ɗaliban aikin gona da masu karatu daga kudancin jihar da suka fi sakewa da shi. A taswira mun haɗa kowane da takwaransa ta alamar hreflang: ha na Hausa, en na Turanci. Sharaɗin shi ne kowanne ya nuna ɗan'uwansa, ya kuma nuna kansa. In ɗaya ya nuna, ɗayan bai mayar ba, Google na iya watsar da alamar. Ƙanena ya bi su ɗaya-ɗaya. Mun kuma tabbatar kowane shafin Hausa ya bayyana harshensa a cikin lambobinsa, domin a da fasalin gidan yana cewa komai Turanci ne, abin da ke rikita manhajojin karanta allo.

Za mu ajiye aiki sai bayan Salla.

10 ga Afrilu

Zafi ya kai maƙura, hadari ya fara haɗuwa ta kudu da yamma. Ga inda muke.

Fayilolin XML suna sabunta kansu duk lokacin da aka wallafa ko aka gyara rubutu. Taswirar mutane tana ƙasan kowane shafi, kuma mun sa ta a shafin da ke fitowa in mutum ya bi adireshin da ya mutu, maimakon ya ga saƙon 404 na cewa babu shafin kawai ya juya. Mun kafa doka ga masu saka rubutu: ba a wallafa komai sai an ba shi gurbi a ƙarƙashin amfanin gona ko dabba, kuma sai aƙalla tsohon rubutu ɗaya ya nuna shi. Kowane wata ƙanena zai sake sakin manhajar nan mai zagaye ya gwada da ma'ajiya, don a kama maraya tun yana sabo.

Abu biyu suka rage. Na farko hotuna. Malam na da hotunan ganye da ƙwari da ya ɗauka da hannunsa a gonaki, kuma manomi kan gane cuta da ido kafin ya karanta. Google na karɓar bayanin hotuna a cikin taswira, har 1,000 ga kowane shafi, amma kafin nan sai mun ba kowane hoto suna da bayanin Hausa, domin yawancinsu lambobin kyamara kawai suke ɗauke da su.

Na biyu muryoyi. Mutanenmu masu sauraro ne, gidan da ya tashi da Rediyon Tarayya na Kaduna ya san haka, kuma muna da hirarraki da manoma da aka naɗa. Google ta tanadi ƙarin bayani a taswira don hoto da bidiyo da labarai, ba ta tanadi na murya zalla ba. Shafin da ba shi da komai sai maɓallin kunnawa, injin bincike ba shi da abin karantawa a cikinsa. Dole a zauna a rubuta abin da aka faɗa, kalma bayan kalma. Aiki ne mai cin lokaci, ba zai ƙare kafin damina ba, don haka za mu bi kalandar gona. Mutanen Kachia da Kagarko sun kusa fara shukar citta, kuma tun bayan cutar 2023 tambayar da ta fi yawa daga can ita ce ta zaɓen iri mai lafiya. Hirarrakin citta za mu fara rubutawa. Ranar Asabar Malam zai kawo littattafan da yake rubuta sunayen ƙauyuka da ranakun da aka yi kowace hira, mu daidaita su da muryoyin.